Dr. Alban, likitan haƙorin da ya zama mawaƙi a Suwidin: waƙarsa ta Afirka ce ko ta Turawa?

Mai Neman Sani ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san tarihin kiɗa ce, musamman manyanmu da suka yi wayo a shekarun 1990. A makon jiya ina gyara akwatin kaset-kaset na marigayi yayana, sai na ci karo da na Dr. Alban mai suna One Love, hoton bangonsa ya koɗe amma rubutun yana karantuwa. Nan take na tuna yadda yake kunna shi da safe yana gugar kayansa, mu ƙannensa muna bin amshin da baki alhali ba mu san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. Duk tsawon ƙuruciyata na ɗauka mutumin nan ɗan Jamaika ne, sai daga baya aka ce mini ɗan Najeriya ne mazaunin Suwidin, kuma wai laƙabin dokta da yake amfani da shi ba na ado ba ne, likitan haƙori ne na gaske.

Abu biyu nake son a fahimtar da ni. Na farko, ta yaya baƙo ɗan Afirka ya yi irin wannan suna daga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan tara ba a lokacin, wadda kuma ba ta da tsohuwar alaƙa da Najeriya irin ta Birtaniya? Na biyu, kuma shi ya fi damuna, shin daidai ne mu kira shi mawaƙin Afirka, ko kuwa mawaƙin Turai ne da aka haifa a Afirka? Da na sake sauraron kaset ɗin da kunnen manya, sunan Afirka na ji a bakinsa, amma ban ji kiɗanmu a bayansa ba. Allah ya saka wa wanda ya amsa da alheri.

Tsohon Mai Faifai ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan yayanka, ya kai haske kabarinsa. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Sunansa na yanka Alban Uzoma Nwapa, an haife shi ranar 26 ga Agusta, 1957 a garin Oguta da ke jihar Imo a yau, wato bai cika shekara goma ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, kuma garinsu yana cikin yankin da yaƙin ya ci. Ya tafi Suwidin yana saurayi domin karatun likitancin haƙori, babu maganar waƙa a cikin lissafinsa. Neman abin da zai riƙe kansa da shi ne ya sa ya kama aikin dare na saka faifai a wani gidan rawa na Stockholm da ake kira Alphabet Street.

A nan nake so ka tsaya, domin duk abin da ya biyo baya daga wannan ɗakin ya fito. Aikin mai saka faifai a Turai a wancan zamani shi ne ya haɗa wannan faifai da wancan ba tare da kiɗa ya yanke ba, yawancinsu kuma bakinsu a rufe suke yi. Shi kuwa Alban sai ya ɗauki makirufo yana magana yana rerawa a kan kiɗan da ke tashi, kamar yadda sanƙira yake jefa kirari a tsakanin bugun ganga. Wannan salo na masu saka faifai na Jamaika ne, shi ya sa ka ɗauka ɗan can ne, kuma ba kai kaɗai ka yi wannan zato ba. Wanda ya yi shekaru yana tsaye a gaban masu rawa kowane dare yakan koyi abin da babu makarantar da ke koyar da shi: wace kalma ce take tayar da mutum daga kujera, wane amshi ne wanda bai iya Turanci ba zai kama a ji na biyu, kuma a wace daƙiƙa ce jama'a suke fara gajiya. Ya kammala karatunsa, har ya buɗe wurin duba haƙori nasa, amma bai saki aikin daren ba.

A 1990 ya haɗu da Dag Volle, wanda duniya ta sani da Denniz Pop, ɗaya daga cikin matasan SweMix, wata ƙungiyar masu saka faifai da ta faro da sake haɗa waƙoƙin wasu kafin ta zama kamfanin faifai. Tare suka yi Hello Afrika, inda Leila K, 'yar Suwidin mai asali daga Maroko, ta sa murya, sannan No Coke wadda take gargaɗi a kan miyagun ƙwayoyi. A 1992 suka fitar da kundin da ka tsinta a akwatin yayanka, kuma waƙar It's My Life da ke cikinsa ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin Suwidin da Jamus da Ostiriya da Holan, ta kai na biyu a Birtaniya, inda wata tallar audugar mata ta Tampax ta ƙara shigar da ita gidajen mutane ta talabijin. Sing Hallelujah ta biyo baya a 1993, sai kundin Look Who's Talking a 1994. Ana ƙiyasta cewa ya sayar da faifai kusan miliyan 16 a duniya.

Ƙanƙantar Suwidin da ta ba ka mamaki, ita ce ta taimake shi. Ƙasar da kasuwarta ba ta da girma dole masu kiɗanta su yi kaya domin waje, da Turanci mai sauƙi, kuma tun nasarar ƙungiyar mawaƙansu ABBA a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai, a 1974 sun san hanyar. Babbar kasuwar irin wannan kiɗa Jamus ce, can kuma kamfanin Logic ya ɗauki faifansa, ga tashar MTV ta Turai da aka buɗe a 1987 tana kai hoton waƙa ɗaya ƙasashe da dama a rana ɗaya. Da Landan ya je, da ya tarar da layi mai tsawo na baƙaƙen mawaƙa daga Jamaika da sauran tsibiran. A Stockholm kuwa muryarsa ba ta da kishiya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba Denniz Pop kaɗai ya ɗaga Alban ba, Alban ma ya ɗaga Denniz Pop. Da waƙoƙinsa ne matashin ya fara yin suna a wajen ƙasarsa, kafin ya yi aiki da ƙungiyar mawaƙa ta Ace of Base, kafin ya kafa situdiyon Cheiron inda shahararren marubucin waƙoƙi Max Martin ya koyi sana'a, inda kuma daga baya aka yi wa Backstreet Boys da Britney Spears waƙoƙi. Denniz Pop ya rasu a 1998 yana da shekara 35, bayan fama da ciwon daji. Duk wanda zai ba da tarihin yadda Stockholm ta zama masana'antar waƙar duniya, idan ya tsallake ɗan Oguta, to bai ba da shi daidai ba.

Inna ta Gothenburg ta rubuta:

Sallama gare ku duka. Malam Tsohon Mai Faifai ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara sani. Ni ban san sha'anin faifai ba, amma na daɗe a nan Suwidin ina aikin kula da tsofaffi, kuma ina so in ƙara abin da jadawalin waƙoƙi ba zai nuna ba, wato irin lokacin da mutumin nan ya fito a cikinsa.

Shekarun nan biyu zuwa uku suna da fuska biyu a Suwidin. A watan Maris na 1990, wata guda bayan an sake shi daga kurkuku, Nelson Mandela ya zo Stockholm, ya gana da Oliver Tambo, shugaban jam'iyyarsu ta ANC a lokacin, da ke jinya a nan, ya kuma yi jawabi a majalisar dokoki, domin ƙasar ta daɗe tana tallafa wa ANC. A shekarar da sunan Afirka yake bakin kowa ne waƙar da ke gaishe da Afirka ta fito, don haka ba a kan busasshiyar ƙasa ta faɗa ba. Amma a zaɓen 1991 jam'iyyar Ny Demokrati mai adawa da shigowar baƙi ta shiga majalisa, kuma daga Agustan 1991 zuwa Janairun 1992 wani mutum mai suna John Ausonius ya harbi mutum 11 a Stockholm da Uppsala, yana zaɓen waɗanda ya ga alamar baƙi ne, ɗaya daga cikinsu ya rasu. Dattawan Afirka da na tarar a nan, 'yan Gambiya da 'yan Eritriya, sun ba ni labarin yadda mutum yakan ji tsoron tsayawa shi kaɗai a tashar jirgin ƙasa da dare a wancan lokaci. A cikin wannan yanayi ne baƙar fata mai magana da harshen ƙasar da karin bakinsa na Najeriya yake fitowa a talabijin, yaran Turawa suna bin waƙarsa, kuma kowa ya san yana da takardar shaidar likita. Ga baƙon da ake yi wa kallon mai cin arzikin gwamnati, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wani dattijo ya ce mini a wurin aikinsu, bayan waƙar ta fito, abokan aikin da ba su taɓa tambayarsa daga ina yake ba suka fara tambaya.

Na taɓa ganin Dr. Alban sau ɗaya a wani wasan bazara a fili, irin wanda ake tara mawaƙan shekarun 1990. A lokacin ya manyanta, kuma yawancin waɗanda suka zo iyaye ne masu furfura da 'ya'yansu. Wata mata da ke tsaye kusa da ni, ta ɗora jikarta a kafaɗa, tana rera kowace kalma idonta a rufe, da aka gama ta juyo ta ce mini da waƙoƙinsa ta gama sakandare. Mutanen nan ba sa ɗaukarsa baƙo, nasu ne, kuma a 2014 har ya shiga Melodifestivalen, gasar da ake zaɓen wanda zai wakilci ƙasar a Eurovision, tare da Jessica Folcker, ko da yake ba su kai zagayen ƙarshe ba. Don haka ɗana, idan ka tambaye ni, zan ce ɗan Afirka ne da ya yi wa 'yan Afirka mazauna nan aiki, ko da kuwa gangar da ke bayansa ba tamu ba ce.

Mai Gurmi ya rubuta:

Ina girmama abin da Inna ta faɗa, kuma ban musa ko ɗaya daga ciki ba, amma ina ganin an amsa wata tambaya dabam da wadda ɗan'uwanmu ya yi. Shi ya ce ya ji sunan Afirka bai ji kiɗanta ba, kuma kunnensa bai yaudare shi ba. Kiɗan da ke bayan Dr. Alban na na'ura ne, bugu huɗu daidai wa daida, an tsara shi a Stockholm domin gidajen rawa na Jamus, salon maganarsa na Jamaika ne, harshen kuma Turanci. Asalin mawaƙi abu ɗaya ne, asalin waƙa wani abu ne dabam, kuma ba raini ba ne a bambanta su.

Domin a ga cewa akwai wata hanya a wancan zamanin, a dubi Mory Kanté. An haife shi a 1950 a ƙasar Gini, a gidan maroƙa na gado waɗanda suke riƙe da tarihin Mandinka. A 1971 ya shiga ƙungiyar Rail Band ta Bamako, inda mawaƙin Mali Salif Keita yake waƙa, daga baya ya koma Abidjan, sannan ya tafi Paris a 1984. A 1987 ya fitar da kundin Akwaba Beach, kuma waƙar Yé ké yé ké da ke ciki an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya nata, ta kuma hau matsayi na ɗaya a Holan da Beljiyam da Sifaniya. Shi ma ya yi amfani da na'ura, har ma wasu masu kishin gargajiya suka zarge shi da lalata kora, wato abin kiɗan Mandinka mai igiyoyi da yawa da yake kaɗawa, amma da harshensa ya rera, kuma igiyoyin korar ne suke jan waƙar, na'ura tana bin su. Turawan da suka yi rawa da ita ba su san me yake cewa ba, kamar yadda ku ba ku san me Alban yake cewa ba kuna yara. Wannan ya nuna ba dole ba ne sai an ajiye harshe kafin a ci kasuwar Turai. Ya rasu a Konakiri a watan Mayun 2020.

Zan yarda da abu ɗaya, domin adalci. A 1987 ɗin nan ne wasu masu kamfanonin faifai suka zauna a Landan suka amince da wani suna guda, wai kiɗan duniya, domin shagunan faifai su san kantar da za su jera kayan Afirka da Asiya da sauransu. Sunan ya taimaka wajen ciniki, amma ya zama shinge, domin duk wanda aka sa a wannan kanta da wuya gidajen rediyon matasa su ɗauke shi, sai ka ga gwani irin Salif Keita ana jera shi a lungu ɗaya da duk wanda ba Bature ba. Alban bai shiga wannan shinge ba, a tsakiyar kasuwa aka jera shi tare da kowa. Ya samu faɗin kasuwa, Mory Kanté ya riƙe harshe, kuma ni dai na san wanda nake komawa in saurara idan na yi kewar gida.

Mai Neman Sani ya rubuta:

Na gode ƙwarai Inna, na gode Malamai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Maganar Malam Mai Gurmi ta tayar mini da wata tambayar. Tunda kiɗan na Turawa ne, kamfanin ma nasu ne, shin shi mawaƙin ya ci moriyar aikinsa kuwa? Na sha jin cewa a wancan zamani akwai baƙaƙen mawaƙa a Turai da fuskarsu kawai ake so, a sa su a gaban kyamara, kuɗin kuma ya tafi wani wuri.

Tsohon Mai Faifai ya rubuta:

Abin da ka ji ya faru, ƙanena, kuma ba a ɓoye yake ba. Furodusan Jamus Frank Farian shi ne ya rera muryar namiji a faifan ƙungiyar Boney M, yayin da Bobby Farrell yake rawa yana motsa baki a gaban jama'a. Shi ne kuma ya haɗa Milli Vanilli, samari biyu da ba su rera waƙoƙin faifansu ba, har asiri ya tonu a Nuwamban 1990 aka ƙwace kyautar Grammy da aka ba su. Ka ga kenan a shekarar da Alban ya fito ne wannan abin kunya ya fashe. A irin wannan kiɗa na rawa, sau da yawa furodusa shi ne mai kaya, mawaƙi ɗan ƙwadago ne da za a iya sauyawa gobe ba tare da sunan ƙungiyar ya canja ba.

Abin da ya raba Alban da waɗannan shi ne muryar tasa ce, sunan nasa ne, kuma yana cikin waɗanda aka rubuta a matsayin marubutan waƙoƙin. Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙi, domin a Turai waƙa ɗaya tana da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin faifan da aka naɗa, wanda galibi yake hannun kamfanin da ya biya kuɗin situdiyo, mawaƙi yana samun ɗan kaso bayan an cire abin da aka kashe. Akwai kuma haƙƙin wanda ya rubuta kalmomi ya tsara karin waƙar, wanda ƙungiyoyi irin su STIM a Suwidin da GEMA a Jamus da SACEM a Faransa suke karɓar kuɗinsa daga gidajen rediyo da talabijin da wuraren taro, su raba wa masu shi. Wanda ya rera kawai, rabonsa yana raguwa da zarar an daina sayen faifai. Wanda ya rubuta kuwa, duk ranar da wani gidan rediyo a Poland ko Ostiriya ya saka waƙar, ko wani matashi ya nemi izinin sake haɗa ta, akwai abin da zai shigo masa. Daga baya ma ya kafa kamfanin faifai nasa, Dr. Records, ya fitar da kundin Born in Africa a 1996. Bai sake kai matsayin 1992 ba, domin Denniz Pop ya koma kan wasu ayyuka kuma yayin wannan kiɗan ya wuce kafin ƙarshen shekarun 1990, amma tsofaffin waƙoƙin sun ci gaba da kai shi dandali a Jamus da gabashin Turai, irin wasan da Inna ta gani.

Game da maganar Malam Mai Gurmi, na yarda da shi a kan kiɗan, kuma ni ma ina da faifan Mory Kanté da nake ji da shi. Inda muka rabu shi ne, Mory Kanté ya je Paris da gadon kakanni a hannunsa, Alban kuwa ya je Stockholm da littattafan likitanci, kuma a can ya koyi waƙa, a gaban masu rawar can. Ba zan nemi mutum ya riƙe korar da bai taɓa ɗauka ba. Abin da ya zaɓa da kansa shi ne kalmomin, kuma a waƙarsa ta farko, lokacin da babu wanda ya san za ta sayu, Afirka ya gaisar.

Idan kaset ɗin yayanka na asali ne ba na kwafi ba, ka zaro takardar da ke naɗe a cikin kwalinsa, ka duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin sunayen waƙoƙin, inda ake nuna waɗanda suka rubuta su. Za ka ga sunan Alban a jere da na Denniz Pop.